Girkin barkono don jure sanyi a wasan Zelda

Mutumin Jos ya san sanyin hunturu, amma na dutsen Hylia a The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda Nintendo ya fitar a 2017, kisa yake yi. Da zarar Link, jarumin da kake sarrafawa a wasan, ya fara karkarwa, zukatansa, wato ma'aunin ransa, sai su dinga raguwa.

Maganin shi ne barkono, wato Spicy Pepper. Nemi tukunya, ka tabbatar akwai wuta a ƙarƙashinta. Buɗe jakarka, ka ɗebi barkono, ka zuba. Idan Link ya ci girkin, kowane ɗaya yana ba da kariya daga sanyi ta minti 2 da daƙiƙa 30, tukunyar kuma ba ta ɗaukar fiye da abu 5, ka ga barkono zalla zai kai ka minti 12 da rabi.

Inda ake yawan kuskure shi ne jefa barkonon a wuta tsirara. Gasuwa kawai zai yi, ba ya hana sanyi. Kada kuma ka haɗa shi da wani abu mai nasa tasirin daban, duka biyun za su ɓace. Nama dai ba laifi, yana ƙara zukata.

A tsaunukan Hebra kuwa barkono kaɗai ba ya isa. Sai ka sa rigar Warm Doublet a kai, ko ka dafa Sunshroom guda 3, wato naman kaza irin wanda ke tsirowa a ƙasa (mushroom).