Yadda Ake Samun Muryar Tsofaffin Amfilifaya Daga Fedar Gitar Bes

Duk wanda ya taɓa jona gitar bes kai tsaye a cikin mikisa, wato na'urar da take haɗa sautukan kayan kiɗa da na makirfo, ya san yadda sautin yake fitowa a bushe, babu kauri mai cika ƙirji, babu kuma wannan ɗan gurnani da ake ji a tsofaffin faifai. Abin da ya ɓace shi ne aikin amfilifaya mai bawul, wato ƙananan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, da akwatin sifikarta, domin su ne suke tausasa kaifin tsirkiya, su danne bugun da ya yi ƙarfi, su ƙara wa sautin jiki. Feda mai gyara murya, wadda masu sana'ar suke kira firiyam, ƙaramin akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa da ƙafa, an kuma ƙera shi don ya maido da wannan murya ba tare da an ɗauko tsohuwar na'urar ba. A ganina mafi yawan waɗanda suka sayi irin wannan feda suka ƙi jin daɗinta ba kayan ne suka gaza musu ba. Sun fara murɗe-murɗe ne tun kafin su tantance wace amfilifaya suke son kwaikwaya, kuma sun jona fedar a inda bai dace ba.

Saboda haka aikin farko na kunne ne, kuma muryoyi biyu ne suka fi cancantar a san su sosai. Ta farko ita ce ta Ampeg B-15, wadda Jess Oliver ya ƙera, ta fito a Amurka a shekarar 1960. Ƙaramar na'ura ce mai ƙarfin wat 25 zuwa 30 da sifika guda mai faɗin inci 15, ana kuma kifa kan na'urar, wato sashen sama mai ɗauke da bawul, a cikin akwatin sifikar idan za a yi tafiya. Muryarta mai taushi ce, dunƙulalliya, kaurinta yana zuwa ba tare da hayaniya ba, shi ya sa ta zama abin dogaro a situdiyo shekara da shekaru, kuma ana yawan danganta ta da James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin faifai na Motown. Ta biyu ita ce Ampeg SVT ta shekarar 1969, mai ƙarfin wat 300, wadda aka saba haɗawa da dogon akwati mai sifika takwas, kowace inci 10. An yi ta ne don manyan filaye, kuma ƙungiyar Rolling Stones ta yi rangadin Amurka da ita a shekarar da ta fito. Muryarta tana da naushi, tsakiyar sautin a fili take, idan kuma aka matsa mata sai ta yi gurnani mai daɗin ji. Kanta kaɗai ya haura kilo 35, akwatin kuma ya haura kilo 60, wanda hakan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa makaɗa suka yi maraba da akwatin da yake shiga jakar gita. Akwai kuma Fender Bassman da ta fara fitowa a 1952, da Acoustic 360 mai taransista wadda Jaco Pastorius ya yi suna da ita, amma da yawa daga fedojin da ke kasuwa waɗancan biyu na Ampeg suke bi.

Idan ka san muryar da kake nema, zaɓen feda ba zai yi wuya ba. Kamfanin Tech 21, wanda Andrew Barta ya kafa a birnin New York, shi ne ya buɗe wannan hanya da fedar SansAmp a 1989, sannan ya fitar da Bass Driver DI a 1994, kuma har yau ana yawan ganinta a gaban makaɗa. Kamfanin yana da VT Bass, wadda aka yi musamman don muryoyin Ampeg. Ampeg da kansa yana da SCR-DI da kuma SGT-DI, wadda take da zaɓi tsakanin muryar SVT da ta B-15. Origin Effects na Ingila yana da BassRig Super Vintage mai bin SVT, aikinta yana da kyau ƙwarai amma tana da tsada. Two Notes na Faransa ya sa bawul na gaske a cikin ReVolt Bass. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa zai iya farawa da Behringer BDI21, wadda aka tsara bisa salon SansAmp, ko ƙananan na'urorin Zoom masu kwaikwayon amfilifaya da dama ta hanyar lissafin kwamfuta. Shawarata ga mai koyo ita ce ya ɗauki mai mamurɗai kaɗan wadda yake ganin komai a gabansa, domin a tsakiyar wasa babu lokacin shiga cikin allo ana neman saiti. Kada kuma ya sayi wadda ba ta da mafitar XLR, wato ramin nan mai ƙafa uku irin na makirfo, in dai yana da niyyar jonawa a mikisa.

Batun jonawa shi ne inda ya kamata a dakata sosai, domin a nan ake yawan ɓata aiki. Kowace amfilifayar bes tana da sassa biyu a cikinta, sashen gaba mai gyara murya da sashen baya mai ba da ƙarfi ga sifika. Fedarka sashen gaba ce cikakkiya. Idan ka jona ta a ramin gaba na amfilifayarka, to sautin zai bi ta masu gyara murya biyu a jere, kowanne yana ƙara nasa kauri yana rage nasa tsakiya, sai a wayi gari sautin ya zama laka. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka duba bayan amfilifayar, ka nemi ramin da aka rubuta wa Return ko Power Amp In, ka jona fedar a can, ta yadda za ta tsallake sashen gaba ta tafi kai tsaye ga sashen ƙarfi. Sai dai ka lura cewa a wasu na'urorin mamurɗin ƙarar amfilifayar ba ya aiki idan an bi ta wannan rami, don haka ka mayar da Level, wato mamurɗin ƙarar fedar, ƙasa gaba ɗaya kafin ka kunna, sannan ka ɗaga shi sannu a hankali. Idan amfilifayarka ba ta da wannan rami, jona a gaba, amma ka tsayar da dukkan mamurɗanta na kauri da tsakiya da kaifi a matsakaici, ka bar fedar ta yi aikin.

Ga wanda yake kiɗa a wurin biki ko majami'a ko ƙaramin situdiyo, inda sau da yawa babu amfilifayar bes ko kaɗan, hanya ta fi sauƙi. Gita ta shiga feda, wayar XLR ta fita daga feda zuwa mikisa. A nan ne ake buƙatar kwaikwayon akwatin sifika. Sifikar bes ta gaske ba ta fitar da siraran sautukan can sama, tana datse su, kuma wannan datsewar tana cikin abin da ya sa tsohuwar murya take da daɗi. Sifikun taro kuwa suna fitar da komai, saboda haka gurnanin da ba a tace ba yana fitowa kamar ƙarar ƙudan zuma. Idan fedarka tana da maɓallin kwaikwayon akwati, kunna shi lokacin da kake zuwa mikisa ko kake ɗaukar sauti a kwamfuta, ka kashe shi lokacin da kake zuwa akwatin bes na gaske, don kada a datse sautin sau biyu. Ka kuma roƙi mai kula da mikisa ya bar layinka ba tare da ƙari ko ragi ba da farko, har sai ya ji abin da kake turo masa.

Wutar da fedar take ci ƙaramin batu ne amma yana ƙona kaya. Yawancinsu bolt 9 suke so, da adafta wadda tsakiyar bakinta ita ce nagatif, wasu kuma suna buƙatar bolt 12 ko 18, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin kafin a jona. Adaftar da aka yi don wutar Amurka mai bolt 120 kaɗai ba za ta jure wutar Najeriya ko Nijar mai bolt 220 zuwa 230 ba. Bass Driver tana iya aiki da batir, tana kuma iya shan wuta daga mikisa ta cikin wayar XLR idan an kunna wutar bolt 48, kuma wannan babban sauƙi ne a inda ake aiki da janareta. Idan ka ji ƙugi mai ɗorewa bayan ka jona amfilifaya da mikisa a lokaci guda, yawanci layin ƙasa ne ya zagaya sau biyu, kuma maɓallin Ground Lift yana yanke shi. A kan Bass Driver yanke layin ƙasan yana yanke wutar mikisar ma, sai a koma batir ko adafta.

Yanzu sai saiti. Fara da mamurɗan Bass (kauri) da Treble (kaifi), da Mid (tsakiya) idan akwai, a tsaye kamar ƙarfe goma sha biyu na agogo, Drive kuma, wato mamurɗin gurnani, a ƙasa. Daidaita Level har ƙarar ta zama ɗaya ko fedar tana kunne ko tana kashe. Wannan mataki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi daɗi, kuma ba za ka iya yin hukunci na gaskiya ba sai ƙarar ta daidaita. Daga nan ɗaga Drive kaɗan-kaɗan kana buga tsirkiya da ƙarfin da ka saba, har ka kai inda bugu mai sauƙi yake fita tsaf, bugu mai ƙarfi kuma yake ɗan karcewa. Wannan gaɓar ita ce zuciyar muryar bawul, kuma duk lokacin da ka ƙara Drive sai ka rage Level.

Mamurɗin Blend yana gauraya sautin gitarka na asali da sautin da aka kwaikwaya. An san Bass Driver da rage tsakiyar sauti idan Blend ya kai ƙarshe, abin da yake da daɗi ƙwarai idan kana kiɗa kai kaɗai a ɗaki, amma da zarar ganguna da piyano da mawaƙa sun shigo sai bes ɗin ya ɓace, a riƙa jin girgiza a ƙasa ba a jin waƙar da yatsunka suke yi. Maganin shi ne ka dawo da Blend wajen rabi, ko ka rage Bass da Treble tare ka ɗaga Level, wanda hakan yake fito da tsakiyar. Sabon samfurin fedar an ƙara masa mamurɗin Mid da zaɓi tsakanin 500 da 1000 na ma'aunin Hz, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, saboda wannan matsala. Yana da kyau a tuna cewa tsirkiya mafi kauri ta gita mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta mai biyar kuma kusan sau 31, kuma ƙananan sifiku da wayoyin hannu ba sa iya fitar da waɗannan. Abin da mai sauraro yake ji a irin waɗannan na'urori tsakiyar sautin ce, don haka wanda ya kwashe ta ya cire kansa daga waƙar a kunnen mafi yawan jama'a.

Don muryar B-15, bar Drive a ƙasa, ƙara Bass kaɗan, rage Treble da Presence, wato mamurɗin siraran sautukan sama, sosai, ka kuma rufe mamurɗin kaifi na jikin gitar zuwa rabi. A kan VT Bass mamurɗin Character yana ba da wannan murya idan yana wajen tsakiya, ƙasa da haka yana karkata ga SVT, sama da haka kuma gurnani yana ƙaruwa. Amma rabin wannan murya a hannu take. Jamerson ya kasance yana amfani da gitar Fender Precision mai tsirkiyoyi masu santsin jiki, da soso a wajen gadar gita, wato ƙarfen da yake riƙe tsirkiyoyi a ƙasan jikinta, don rage tsawon amo. Idan ka cusa ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da gada, ka buga da tsokar yatsa kusa da wuyan gitar, za ka matso kusa da wannan sauti fiye da yadda kowane mamurɗi zai kai ka. Don muryar SVT kuwa, ɗaga Drive zuwa inda gurnani ya fara, ƙara tsakiya, buɗe Presence gwargwadon yadda ƙarar yatsa a kan tsirkiya za ta fito, ka buga kusa da gada da yatsa ko da ɗan tsinken bugu, da tsirkiyoyi masu kaushin jiki waɗanda ba su tsufa ba.

Idan kana da wasu fedoji, wadda take daidaita tsirkiya da wadda take danne ƙara su zo gaba, firiyam ta zo a ƙarshen layi, tun da matsayin amfilifaya take riƙewa. Gita mai batir a ciki tana turo sauti mai ƙarfi, saboda haka za ta sa fedar ta yi gurnani da wuri, sai a rage Drive ko a danna maɓallin Pad, mai rage ƙarfin sautin da ke shigowa, idan akwai.

Saitin da ka yi a gida ka ɗauke shi a matsayin mafari kawai. Lokacin gwajin sauti ka sa mai ganga ya riƙa taka babbar gangar ƙafa kana bugawa tare da shi, domin ku biyu kuke rabon wuri ɗaya a ƙasan sautin, kuma idan kaurin ya cunkushe kai ne ya fi sauƙi ka rage Bass ka ƙara tsakiya. Idan wayarka tana da tsawo, taka zuwa inda jama'a za su zauna ka saurara daga can, domin ɗaki mai siminti da rufin kwano yana ninka kauri, filin waje kuma yana shanye shi. Da ka sami saitin da ya zauna daidai a wurin da ka fi yawan kiɗa, manna ɗan tef a gefen kowane mamurɗi ka yi alama da biro, saboda jaka da hanya suna juya su ba tare da ka sani ba.