Darasi na 6: Gyaran falo da yadi mai zanen Girkawa

Wannan zanen da kuke gani a bakin labule ko kafet, layi ɗaya yana tafiya yana karya kwana yana komowa kamar haƙoran makulli, toh da ƙasar Girka aka fi saninsa. Tun wajen shekara 900 zuwa 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) magina tukwane a can ke zana shi a jikin tulu. Akwai wani ƙaton tulu da aka tono a tsohuwar maƙabartar Dipylon a birnin Atina, tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, yanzu yana gidan tarihin ƙasar.

Daga baya da suka koma zana mutane a jikin tukwanen sai wannan layin ya koma gefe, ya zama kan iyaka kawai, haka ma a bakin tufafinsu, kuma a falo ma gefe ne wurinsa. In labule yana da shi a ƙasa ko a baki, toh kujeru su zama kala ɗaya ba zane, sai filo biyu ko uku masu zanen a ɗora a kai. Amma a ce labule zane, kafet zane, rigar kujera zane, gaskiya ido gajiya yake yi, ɗakin ma sai ya ƙara matsewa.

Kala kuwa ku zaɓi biyu, ko shuɗi da fari irin na tutar Girka, ko baƙi da jan ƙasa irin na tukwanen. Mai ƙananan yara dai ya yi tunani kafin ya ɗauki fari.

Sai awo. Faɗin yadin labule ya ninka faɗin taga sau biyu don ya yi tattara, tagar mita ɗaya da rabi mita 3 ke nan, a tsayi kuma a ƙara santimita 20 na kalmasa. In auduga ne a wanke kafin a yanka saboda yana tsukewa in ya shiga ruwa. Ku gaya wa tela ya haɗa zanen ya dace a wurin ɗinki, in layin ya karkace ko kaɗan daga bakin ƙofa za a hango, shi ya sa ake sayo ɗan rara.

Aikin gida: ku auna tagar falonku, ku rubuta faɗi da tsayi a littafi, ku lissafa mita nawa za ku saya.