Birkin gaba na karkarwa idan kana tafiya a hankali?

'Yan uwa masu mashin Boxer, idan ka taka birkin gaba a cunkoson Wunti a Bauchi ka ji kan mashin na karkarwa, kada ka yi saurin sayen sabon shu na birki. Ka ɗora mashin a kan jak, wani ya danne baya tayar gaba ta tashi. Juya ta, ka ɗan matsa birki kaɗan. In tana kamawa tana saki a wuri ɗaya duk zagaye, dirom (kaskon da shu ke gogawa a ciki) ya lanƙwashe, ko wili ya karkace, sau da yawa saboda rami. Girgiza tayar hagu da dama. In tana wasa, boris ɗin tayar ne. Sai ka sauke, ka riƙe birki ka tura gaba da baya. Ka ji ƙas-ƙas a wuyan mashin? Boris ɗin kai ya saki, bakanike ya ɗaure yau, don Allah, musamman mai ɗaukar yara makaranta.