Darasi na 7: Kalmar Turanci "lapse"

Haruffanta biyar ne: l-a-p-s-e. Ana furta ta "laps", domin harafin e na ƙarshe ba a jin sa. Asalinta daga harshen Latin ne, "lapsus", wato zamewa, irin yadda ƙafa kan zame a santsi bayan ruwan sama. Ku riƙe wannan hoton, sauran ma'anoninta duk daga nan suka fito.

Inda za ku fi cin karo da ita shi ne a takardu. Mu ɗauki inshorar mota. A Najeriya, inshorar da doka ta wajabta wa mai mota shekara ɗaya take yi, kuma tun Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida. In shekara ta cika mutum bai sabunta ba, yana iya ganin saƙo a wayarsa: "Your policy has lapsed." Wato inshorar ta mutu. Takardar tana nan a mota, lafiya lau, ko yagewa ba ta yi ba. Amma in ya bugi motar wani yau, kamfani ba zai biya ko kwabo ba. Haƙƙinsa ya suɓuce masa ne yana zaune.

Wani zai ce ai wannan shi ne "expire" da muka sani. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Maganin tari in ranarsa ta cika ya ƙare, ba laifin kowa. Ita kuwa "lapse" galibi akwai ƙanshin sakaci a jikinta: da an biya ko an sabunta a kan lokaci, da abin bai faɗi ba.

Tana kuma nufin ɗan kuskure na wucin gadi. "Memory lapse" ita ce mantuwar nan da sunan maƙwabcinka zai ɓace maka, can kana alwala ya faɗo maka. "Security lapse" a jarida, sakacin masu tsaro ake nufi. In kuma likita ya ce "relapse", ciwon da ya lafa ne ya dawo.

Aiki: Ku rubuta kalmar sau biyar. Gobe kowa ya zo da takarda ɗaya daga gida mai ranar ƙarewa a jiki, lasisin tuƙi ko inshora, mu nemo ranar tare, mu karanta ta da ƙarfi.