Ƙofar gaggawa da kwaɗo a jiki ba ƙofa ba ce

Zaga ta bayan masana'antu da manyan shaguna ka ga abin takaici. Ƙofar da aka tanada don gudun gobara tana ɗaure da sarƙa, an danna mata kwaɗo, makulli yana aljihun maigadi, maigadi kuwa yana wurin mai shayi. Hujjar kullum ɗaya ce: wai yara suna zare kaya ta nan. Haka aka riƙa kulle ƙofa a masana'antar ɗinki ta Triangle da ke New York, gobara ta tashi a 1911, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata.

Alhaji, don Allah bandir nawa za a sace maka da zai kai ran mutum ɗaya? Hayaƙi ba ya jiran a nemo makulli. Kuma rataye makullin a ƙusa kusa da ƙofa yaudarar kai ce, domin a cikin duhu da tari ba mai iya saita shi a bakin kwaɗo. Cire sarƙar, ka sa sandar turawa, ƙarfen nan da ake gicciyawa ta ciki, da an danna shi ƙofa ta buɗe. Tsayinsa daga ƙasa tsakanin santimita 86 da 122, ya kuma ci aƙalla rabin faɗin ƙofar. Ta waje kada a sa mariƙi, ɓarawo bai da abin kamawa. Tsoron sata kuwa, ƙararrawa mai batir ta wadatar, ana buɗewa ta kwantsama. Gwajin da na fi yarda da shi: mutum ya riƙe kwali da hannu biyu ya tura da ƙugu. In ba ta buɗe ba, aiki bai yi ba.

Na biyu, ƙofa mai buɗowa ciki. Mai walda ya ga haka ta fi masa sauƙi, ba wanda ya tanka. Ranar firgici, na baya su danne na gaba a jikinta, ba sararin jawo ta. Wurin da ke ɗaukar mutum 50 ko fiye, ƙofa waje za ta buɗe.

Ƙofar naɗi ta ƙarfe ta shigar da kaya ce, kada a lissafa ta cikin mafita.

Faɗin da mutum zai bi kada ya gaza santimita 81, kuma wannan faɗin ba wurin jibge buhuna ko jarkar man janareta ba ne. A leƙa ta waje ma, sau da yawa mota ce ke tokare da ita.

Fitilar saman ƙofa ta zama mai batir da ke riƙe minti 90 bayan an ɗauke wuta. Duk wata a kashe mata wuta na daƙiƙa 30 a gani.

Ƙofar matakala mai tare hayaƙi, a daina tokare ta da bulo saboda zafi. Ta katako kuwa kumbura take da damina, sai a goge bakinta a ɗiga mai a inda take juyawa.