Yadda mai ƙaramin shago zai ɗauki yaro ya kuma fara ciniki ta waya

Mai ƙaramin shago a Ɗorayi ko Rijiyar Lemo a Kano shi ne komai nasa: shi ke zuwa sari Singa ko Kwari, shi ke tsaron kanta, shi ke bin bashi. Ranar sari shago a kulle yake wuni. Irin wannan in ya fara talla ta waya bai samu mataimaki ba, shago biyu ya ɗora wa kansa. Saboda haka yaro ne farko, waya ta biyo baya.

Fara da littafi. Ka yi wata guda kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin cefanen da kake zara ba ka lissafawa. In riba ba za ta ɗauki albashi ba, nemi na rabin wuni, kamar ɗalibin da ke tasowa daga makaranta da azahar.

Wajen zaɓe, "ai ɗan ƙanwata ne" ba hujja ba ce. Na gida ne ko bare, a samu babba ya tsaya masa, mahaifi ko wa ko limamin unguwa. A gabansa za a yanke magana: nawa ne a wata, abincin rana a wuyan wa, ƙarfe nawa ake buɗewa. A Kantin Kwari an saba yaro ya yi shekaru yana hidima, daga baya ubangida ya sallame shi da jari. In haka kuke nufi, a faɗi shekarun, a rubuta. Yawancin rigimar da na gani tsakanin yaro da ubangida daga "kai dai ka riƙe amana, za ka ga alheri" ta faro, kowa da abin da ya ƙudura a ransa.

Makon farko kada ka bar shi shi kaɗai. Nuna masa farashi, da inda ragi ya tsaya, da wanda ake ba bashi. Kullum kafin a rufe ku ƙirga ciniki tare.

Sai waya. Sayi sabon layi na shago kawai, ka sa masa WhatsApp Business, kyauta ne, kuma yana da wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Ɗauki hoto da hantsi a bakin ƙofa, cikin inuwa, domin ƙwan lantarki na canza launin atamfa. Mai saye ta ga shuɗi a waya, a kai mata wani abu daban, magana ta ɓaci. Rubuta farashi a jiki. Masu cewa sai an yi musu magana ta gefe ciniki suke kora. Abin da ka sa a sitatus awa 24 yake yi ya goge, saƙon bai-ɗaya (broadcast) kuma mutum 256 yake ɗauka, waɗanda suka ajiye lambarka ne kaɗai za su gani. To ga aikin yaro: duk wadda ta yi sayayya ya ce, "Hajiya, ga lambar shago, ki ajiye, in sabon kaya ya zo za ki gani."

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa. Ware asusu na shago, in da hali ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, asusun ya fito da sunan. Doka ɗaya kuma ba ta da sassauci: kaya ba ya fita sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin. Ni turmi biyu na yi asara a kan hoton rasit, mutumin har da addu'ar Allah ya sa albarka.

Kai kaya cikin gari, riƙe ɗan sahu guda da ka san gidansu. Na wajen gari yaro ya kai tasha, Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa gwargwadon inda kayan za su, ya ɗauki hoton lambar motar, ya karɓi lambar direba a tura wa mai saye. Kuɗin mota kuma a faɗa tun kafin a ɗaure kwali wa zai biya.