Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Ƙananan Namun Daji a Lokacin Bazara

Mutane da yawa suna ɗauka cewa damina ce lokacin tsuntsaye, domin a lokacin ne daji yake yin kore, kukansu kuma ya cika ko'ina. Amma ga wanda yake son ya koyi gane su ɗaya bayan ɗaya a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, bazara ta fi dacewa, wato daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu. An kwashe kara daga gonaki, yawancin itatuwa sun kaɗe ganye, saboda haka tsuntsu ba shi da wurin ɓuya sosai. Ruwa kuma ya janye ya koma 'yan wurare kaɗan, kuma duk wani mai rai tilas ne ya zo inda ya rage. Bugu da ƙari, a wannan tsakanin ne tsuntsayen da suka zo baƙunta daga Turai suke shirin komawa, shamuwa kuwa tana kan hanya daga kudu.

Ka fara daga gida, tun kafin ka yi tunanin shiga daji. Ka sami kasko ko fasasshiyar tukunyar ƙasa wadda zurfinta bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, ka ajiye ta a inuwar darbejiya ko mangwaro, nesa kaɗan da inda kyanwa za ta iya laɓewa, ka sa ɗan dutse a tsakiya domin ƙananan su sami wurin sauka, sannan ka riƙa canza ruwan kowace safiya don kada sauro ya hayayyafa a ciki. Cikin 'yan kwanaki za ka ga baiwar Allah ta fara zuwa. Namijin ja ne, macen kuma ruwan ƙasa ce da ɗan ja a gindin wutsiya, kuma idan ka zauna kusa ba tare da motsi ba za ka ga 'yan ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirjinsu, waɗanda mai wucewa ba ya taɓa lura da su. Bayanta kurciya za ta sauko. A nan akwai darasi na farko: baiwar Allah tana ɗibar ruwa da baki ta ɗaga kai sama kafin ta haɗiye, kamar yadda kaza take yi, amma kurciya da hazbiya da duk danginsu suna tsoma baki ne su zuƙa ba tare da ɗagowa ba. Wanda ya saba da lura da irin wannan bambanci a tsakar gidansa ya riga ya sami idon da zai yi aiki da shi a ko'ina.

Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba, da zarar gari ya yi hasken da za a iya bambance launi, har zuwa wajen ƙarfe 9. Daga nan zafi yakan tashi, a watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a ranaku da dama, tsuntsaye su shige inuwa su yi shiru da baki a buɗe. Sai kuma bayan la'asar sakaliya. Ka sa tufafi marasa ƙyalli, ruwan ƙasa ko ruwan toka, domin farar riga ana hango ta daga nesa. Ka zaɓi wurin zama yadda rana za ta kasance a bayanka, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. Sa'an nan ka zauna. Wannan shi ne abin da ya fi wa masu farawa wuya, domin zuciya tana so a bi tsuntsu, shi kuwa da ya ga an nufo shi sai ya tashi. Idan ka jingina da gindin itace ka yi kamar minti 15 ba ka motsa ba, wurin zai koma yadda yake kafin zuwanka.

Idan tsuntsun da ba ka sani ba ya sauka, kada ka fara da launi, domin launi yana canzawa da haske da kuma lokacin shekara. Ka fara da girma, ka auna shi da waɗanda ka sani: ya kai baiwar Allah, ko kurciya, ko hankaka, ko zabo? Daga nan ka dubi baki. Gajere mai kauri na mai cin tsaba ne, siriri na mai cin ƙwari, mai lanƙwasa kamar ƙugiya na mai farauta, dogo kamar mashi kuma na mai kamun kifi irin zalɓe. Ka lura da tsawon wutsiya, da yadda yake tafiya a ƙasa, ko taku yake yi ko tsalle, da kuma kukansa. Ka rubuta duk wannan nan take a ƙaramin littafi tare da kwanan wata da sunan itacen da ya sauka a kai. Madubin hangen nesa yana taimakawa ƙwarai, kuma wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya wadatar, amma rashinsa ba ya hana farawa. Akwai kuma manhajar waya mai suna Merlin wadda take taimakawa wajen gane nau'i daga hoto.

Ni dai a ganina babu manhajar da ta kai dattijon ƙauye. Ka je da bayaninka wurin tsohon maharbi, ko makiyayi, ko masunci, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, na ga wani tsuntsu mai baƙin kai da jan baya yana rarrafe cikin ƙaya, ba ya son tashi." Kafin ka rufe baki zai ce maka ragon maza ne, ya kuma ƙara maka da lokacin da yake kuka da inda yake sheƙa. Sunaye sukan bambanta tsakanin ƙasar Haɗeja da ƙasar Kano, saboda haka ka rubuta kowanne da garin da ka ji shi. Yawancin yaran yanzu ba su san tsanwaka ko suda ko cilakowa ba, kowanne tsuntsu kawai suke ce masa, kuma abin yana damuna, domin waɗanda suka riƙe sunayen suna ta ƙarewa.

Game da itatuwa, ka nemi waɗanda suke da abinci. Ɓaure da ceɗiya idan suka yi 'ya'ya sukan tara tsuntsaye tun da sassafe. Gawo kuwa, wanda yake riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, shi ne inuwar da ta rage a tsakiyar gona, kuma ƙwarin da ke jikinsa suna jawo ƙananan baƙi daga Turai. A bayan garken shanu a fadama, ban da balbela, ka duba wani ɗan siririn tsuntsu mai rawayan ciki wanda ba ya daina kaɗa wutsiya. A Maris da farkon Afrilu yana cin ƙwari ba ji ba gani, yana tara kitsen da zai ƙetare hamadar Sahara da shi, tafiyar da ta wuce kilomita 1,500. Wata rana za ka zo ka tarar babu ko ɗaya.

Wanda yake da hali ya yi ƙoƙari ya je dausayin Haɗeja da Nguru, inda aka ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 300. Gandun Baturiya da ke Jigawa yana cikinsa, kuma a shekarar 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar. A can za ka ga kirinjijiya garke-garke suna fito yayin da suke tashi, da dinya, da jinjimi. Ka nemi izini wurin ma'aikatan gandun, ka kuma ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora. Ambaliyar da take ciyar da wurin ta canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta zama mafakar jan-baki da ke cinye wa manoma shinkafa da gero. Gwamma a je a farkon Maris, kafin baƙi su watse.

A bakin ruwa akwai abin da ya kamata a kiyaye. Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai, a ɗan rami marar rufi, kuma launin ƙwan daidai yake da na busasshen taɓo. Wata shekara na tsaya a bakin wani tafki ina mamakin yadda wasu biyu suke ta kewaya kaina suna ƙara, ban gane cewa kusa da ƙwansu nake ba. Na daɗe a wurin, da na matsa kuma hankaka ya riga iyayen sauka, ya ɗauke ɗaya a gabana. Har yau abin yana yi mini ciwo. Idan ka ga tsuntsu yana kuka a kanka, ko yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, ka koma ta inda ka fito ba tare da jinkiri ba. Kada ka taɓa sheƙa, kuma idan ka tafi da yara ka sa su bar danƙo a gida.

Ƙananan dabbobi ma ana ganinsu da irin wannan zama. Kurege yakan fito da hantsi kusa da raminsa ya tsaya da ƙafafun baya yana dube-dube, namijin ƙadangare kuma a wannan lokaci ne kansa yake yin ja sosai. Bushiya da zomo da dare suke yawo, don haka sawunsu za ka nema a kan rairayi da safe kafin dabbobi su tattake. Zafi yana fito da kunama da kububuwa, saboda haka ka sa rufaffen takalmi, kada kuma ka cusa hannu cikin rami ko kogon itace. Idan ka ga ungulu, ka rubuta wurin da adadinsu. A da babu mahautar da ba ta cika da su, yanzu kuwa guba da cinikin sassan jikinsu sun kusa ƙarar da su, har a 2015 aka sa su cikin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa.

Daga tsakiyar Afrilu sai ka riƙa ɗaga kai kana duban manyan itatuwan cikin gari, kuka da tsamiya da rimi, musamman waɗanda ke da tsohuwar sheƙar kirare. Shamuwa takan yi watannin ranimmu a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ta yi ƙwai a wurinmu gab da faɗuwar ruwa, shi ya sa manoma suke ɗaukar zuwanta alamar a gyara gona a tanadi iri, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa ta. Baƙa ce amma cikinta fari ne, kuma idan ka dube ta da kyau a wannan lokaci za ka ga fatar fuskarta shuɗiya ce da ɗan ja a gaban ido. Fara da tsutsotsi ne yawancin abincinta. Ka rubuta ranar da ka ga ta farko, ka ƙidaya sheƙunan da aka zauna a kowane itace, sa'an nan ka bar fili a ƙasan shafin domin ranar da ruwan shuka zai sauka. Baɗi ka buɗe wannan shafin ka kwatanta.